Maganin da ba ya aiki sai da haske, da ƙarfen da ke tare masa hanya

A cikin shekara ta 1913 wani likita Bajamushe mai suna Friedrich Meyer-Betz ya buga labarin wani gwaji da ya yi a kan jikinsa. Ya yi wa kansa allurar miligiram 200 na wani sinadari ja da aka tato daga jini, wanda ake kira hematoforfirin, sa'an nan ya fita rana. Ba a jima ba fuskarsa da hannuwansa suka kumbura, suka ɗauki raɗaɗi kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, alhali wuraren da tufa ta rufe babu abin da ya same su. Ya yi fiye da wata biyu yana gudun rana. Sinadarin nan a cikin duhu bai yi masa kome ba, rana kuwa tun yana yaro yake shigarta. Haɗuwar su biyun ita ta zama guba.

Abin lura a cikin labarin shi ne asalin sinadarin. Launin jini ne, wannan ja da kowa ya sani, amma an cire masa ƙarfen da ke cikinsa. Tun shekara ta 1841 wani masani mai suna Scherer ya zuba ruwan asid mai ƙarfi a kan busasshen jini, ya raba launin da ƙarfensa. Muddin ƙarfen yana ciki, launin yana zaune lafiya a jijiyar kowane mutum, manomi yana yini a rana da shi ba ya ƙonewa. Da zarar an zare ƙarfen, sai launin ya koma abin da haske ke tunzurawa. A kan wannan ɗan bambanci aka gina wata hanyar magani da ake amfani da ita yau a asibitocin fata na ƙasashe da yawa, kuma a kansa ne masu bincike suka daɗe suna kai da kawowa.

Asalin aikin

Farkon lamarin a birnin Munik ne na ƙasar Jamus. Wani ɗalibin likita, Oscar Raab, yana gwada wani rini mai suna akiridin a kan wasu ƙananan halittun ruwa waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ya lura cewa awo ɗaya na rinin wani lokaci yana kashe su da sauri, wani lokaci kuma su daɗe suna iyo. Da ya bi diddigi, ya tarar bambancin yana ga hasken da ke shiga ɗakin. Ya buga wannan a shekara ta 1900. Malaminsa, Hermann von Tappeiner, ya ɗauki aikin, ya nuna cewa akwai abu na uku da ake bukata, wato iskar oksijen wadda ake shaƙa. A shekara ta 1903 shi da wani likitan fata, Albert Jesionek, suka shafa rinin eyozin a kan sankarar fata ta wasu majinyata, suka haska musu fitila.

Daga nan aikin ya yi kwantai wajen shekara saba'in. Wanda ya farfaɗo da shi shi ne Thomas Dougherty, a cibiyar Roswell Park ta birnin Bafalo a Amurka. A shekara ta 1978 ya ba da rahoton majinyata 25 masu ƙari 113 a fata ko ƙarƙashinta. 111 daga ciki suka ragu ko suka baje bayan allurar sinadarin da jan haske. Maganin da ya fito daga wannan aiki, Photofrin, ƙasar Kanada ce ta fara ba shi izini a shekara ta 1993. To amma wahalar Meyer-Betz ba ta tafi ba. Allurar tana bin jini ta game jiki duka, sai majinyaci ya yi wata guda ko fiye yana ɓuya wa rana, da hula da safar hannu da labule a tagogi. Ga mai ɗan tabo guda a goshi, wannan kamar a ƙone rumbu ne domin kashe ɓera.

Yadda haske ke kisa ba shi da wuyar fahimta. Sinadarin yana shan hasken, ya cika da ƙarfi, sa'an nan ya miƙa wannan ƙarfi ga iskar oksijen da ke kusa da shi. Oksijen ɗin da ya karɓa sai ya zama mai zafin hali, ya afka wa duk abin da ya tarar, kitse ko furotin, ya lalata. Ransa gajere ne ƙwarai, ba ya ma iya ƙetare ƙwayar halittar da aka haife shi a ciki. Saboda haka ɓarnar tana tsayawa inda sinadarin ya taru da inda haske ya sauka. Wannan shi ne kyawun hanyar: likita yana da linzami biyu a hannu, wurin da magani ya shiga da wurin da ya nuna fitila.

Zobe da dutsensa

Domin a gane inda ƙarfe ya shigo, sai an duba yadda jiki ke ƙera launin jini. Sunan launin hem, shi ne ke cikin hemogulobin mai ɗaukar iska. Ba jajayen ƙwayoyin jini kaɗai ke bukatarsa ba. Kusan kowace ƙwayar halitta, har ta fata, tana ƙera nata ɗan hem domin numfashinta na ciki. Hans Fischer, wani masanin Munik, shi ya warware siffarsa har ya haɗa shi da hannu, aka ba shi kyautar Nobel a shekara ta 1930. Siffar kamar zobe ce mai gurbi a tsakiya, ƙwayar ƙarfe guda tana zaune a gurbin kamar dutse a zoben azurfa.

Ƙirar tana da mataki takwas, kowane mataki da ma'aikacinsa, waɗanda masana ke kira anzim. Ana farawa da wani ɗan ƙaramin sinadari da ake taƙaita sunansa da ALA. Guda takwas nasa ake harhaɗawa, a lanƙwasa, a goge, har zobe ya fito. Zoben da aka gama amma ba a sa masa ƙarfe ba shi ake kira furotoforfirin na tara, ɗan uwan sinadarin da ya kumbura Meyer-Betz. Mataki na ƙarshe yana hannun wani anzim mai suna ferokelataz, a cikin mitokondiri, wato murhun ƙwayar halitta. Shi ne maƙerin da ke ɗauko ƙarfe ya dasa a gurbin. Da ya dasa, zoben ya zama hem, haske kuma ya daina tasiri a kansa, domin ƙarfen yana shanye abin da zoben ya sha daga haske kafin ya kai ga oksijen.

Jiki mai lafiya ba ya barin zobba marasa ƙarfe su taru. Yana da mai gadi a bakin ƙofa: idan hem ya wadata, shi da kansa yake tsayar da anzim na farko mai ƙera ALA. Ta haka abin da ke shiga maƙera ba ya fin abin da maƙerin ƙarshe zai iya gamawa.

Dabarar Kingston

A shekara ta 1987 wasu masu bincike biyu a Isra'ila, Malik da Lugaci, suka nuna cewa idan aka ba ƙwayoyin sankarar jini ALA daga waje, suna cika da zobba marasa ƙarfe har haske ya kashe su. A shekara ta 1990 kuma James Kennedy da Roy Pottier, a garin Kingston na Kanada, suka kai dabarar kan fatar mutane. Sun haɗa man shafawa mai ALA kashi 20 cikin 100, suka shafa a kan ciwon, suka rufe na ƴan awoyi, sa'an nan suka haska. Hikimar ita ce an zagaye mai gadi. An shigo da kaya ta bayan gida, ma'aikatan tsakiya suka yi ta ƙera zobba, maƙerin ƙarshe kuwa aikinsa a hankali yake, ƙarfen da ke hannunsa ma ƙayyadadde ne. Zobba suka taru a bakin maƙerarsa suna jira. A daidai wannan lokacin jira likita ke kunna fitila.

Ƙwayar da ta lalace takan tara zobba fiye da lafiyayya da ke gefenta. Dalilai sun haɗu. Fatar da ke bisa ciwon ta tsage, man yana ratsa ta da sauƙi. A wasu ire-iren sankara ma'aikatan tsakiya sun fi sauri, maƙerin ƙarshe ya fi rauni. Sa'an nan ƙwayar da ke ta rabuwa ba ji ba gani tana cinye ƙarfenta wajen wasu ayyuka, musamman wajen kwafe kayan gadonta kafin kowace rabuwa, sai abin da ya rage wa maƙeri ya yi kaɗan. Idan aka haska shuɗin haske a wurin cikin ɗaki mai duhu, ciwon yana ƙyalli ja kamar garwashi, a ga iyakarsa da ido. Likitocin ƙwaƙwalwa ma sun ari wannan ƙyalli: tun shekara ta 2007 a Turai ana ba majinyaci ALA ya sha kafin aikin cire wani irin ƙarin ƙwaƙwalwa, domin mai fiɗa ya ga inda ƙarin ya tsaya.

Amurka ta ba da izinin maganin Levulan a shekara ta 1999, Suwidin kuma ta ba da na Metvix a shekara ta 2001. Shi Metvix ana shafa shi a rufe awa uku, a goge, a haska jan haske na kimanin minti goma. Zoben ya fi shan shuɗin haske mai awon nanomita 410 ko kusa da haka, amma shuɗi ba ya nutsawa cikin nama. Ja mai nanomita 630 shi ke shiga ƴan milimita. Bayan kwana biyu jiki ya gama sa wa zobban ƙarfe ko ya zubar da su, mutum ya koma shiga rana. Tsakanin kwana biyu da wata guda akwai tazara mai yawa ga wanda abincinsa yake waje.

Hanyar tana da iyaka, kuma iyakar ce ta jawo maganar ƙarfe. Tana aiki sosai a kan tabo masu kaushi da rana ke haifarwa, waɗanda likitoci ke kira keratoz, da kuma sankarar gindin fata muddin shimfiɗaɗɗiya ce marar kauri. Idan ƙarin ya dunƙule ya wuce milimita biyu, sakamako yakan ragu, ciwon ya dawo bayan shekara ɗaya ko biyu, domin ƙwayoyin da ke can ƙasa ba su tara isasshen zobe ba.

Riƙe wa maƙeri ƙarfe

Baligi yana ɗauke da ƙarfe giram uku zuwa huɗu, nauyin ɗan ƙaramin ƙusa. Wajen kashi biyu cikin uku yana cikin jini. Kullum hanji yana tsotso miligiram ɗaya zuwa biyu daga abinci, kusan haka nan kuma yake fita, wani ta ɓawon fata da ke zuba ba a sani ba. Ƙarfe yana zuwa wurin ƙwayar halitta a bayan wani furotin ɗan dako mai suna tiransferin. Idan ya shiga, mafi yawansa ana kulle shi a rumbu, wato feritin, wanda guda ɗaya ke iya ɗaukar ƙwayar ƙarfe har 4,500. Ɗan abin da ya rage a sake, wanda ba a rumbu ba kuma ba a bakin aiki ba, shi ne kuɗin cefanen ƙwayar. Daga cikinsa maƙerin ƙarshe ke ɗiba. Wannan ɗan guzuri, ba dukan ƙarfen jiki ba, shi ke yanke hukuncin yawan zobban da za su taru.

An ga haka a fili a ɗakunan gwaji. Ƙwayoyin fata da aka shuka a faranti, idan aka ƙara musu ƙarfe kafin a ba su ALA, zobbansu suna raguwa, haske ya kasa kashe su kamar da. Idan aka ɗauke musu ƙarfen, sai akasin haka. A shekara ta 1999 Charareh Pourzand da Rex Tyrrell da abokan aikinsu a jami'ar Bath ta Ingila suka nuna cewa ƙwayoyin fatar mutum suna bambanta wajen amsa ALA gwargwadon ƙarfen da ke sake a cikinsu. Kafin su, wasu masu bincike a Bafalo sun lura da wata alama mai amfani: ƙwayar da ke jin yunwar ƙarfe takan ƙara ƙofofin karɓar tiransferin a bayanta, kuma irin waɗannan ƙwayoyi masu ƙofofi da yawa su suka fi tara zobe.

Abin da hankali zai kawo shi ne a haɗa man ALA da wani sinadari mai damƙe ƙarfe. Irin waɗannan magunguna ba baƙi ba ne. Desferiyoksamin, wanda ake sayarwa da sunan Desferal, tun shekarun 1960 ake ba masu yawan karɓar ƙarin jini, kamar wasu masu amosanin jini da ake kira emasi a nan Nijar, domin ya kwashe ƙarfen da ya yi musu yawa kafin ya lalata hanta da zuciya. Daga wata ƙwayar halittar ƙasa aka samo shi, wadda ke amfani da shi wajen wawuro ƙarfe daga turɓaya. A birnin Biyana na Ostiriya, Bernhard Ortel da abokansa suka gwada shi a kan ƙwayoyin fata a shekara ta 1993, ya ƙara zobba, ya ƙara kisa. A shekara ta 1995 suka shafa shi tare da ALA a kan majinyata, sakamakon ya yi kyau, sai dai ba su ajiye wani rukuni da aka yi wa ALA kaɗai ba domin kwatance. Wannan giɓi ba ƙarami ba ne, domin ba a iya cewa ga rabon da mai damƙe ƙarfen ya taka.

Da likitocin Mancesta suka yi kwatancen a shekara ta 2003, sai murna ta ragu. A lafiyayyar fata, idan ALA kaɗan ne, desferiyoksamin ya ƙara zobba. A kan ciwon kansa kuwa, da cikakken awon ALA da ake amfani da shi a asibiti, ba a ga wani ƙari ba. Dalili ɗaya sananne ne: wannan magani babba ne, mai son ruwa, bangon ƙwayar halitta kuwa na kitse ne, saboda haka shigarsa a hankali take, awoyin da man ke zaune a fata ba su ishe shi ba. Wani sinadarin, EDTA, wanda aka riƙa zubawa cikin man a Norwe da Isra'ila, shi ma galibi a waje yake tsayawa. Faranti dabam, fatar mutum mai rai dabam. Wannan darasi binciken magani ya sha koyonsa, ya kuma sha mantawa.

Sai aka koma ga ƙanana. A Landan, Robert Hider ya daɗe yana ƙera wani dangin masu damƙe ƙarfe waɗanda ba su kai rabin nauyin desferiyoksamin ba, suna ratsa bangon ƙwaya cikin ƴan mintoci. Ɗaya daga cikinsu, CP94, Alison Curnow ta ɗauke shi ta yi shekaru tana aiki a kansa, da farko a Landan, daga baya a yankin Kornwal na kudu maso yammacin Ingila. A faranti ya fi desferiyoksamin nesa ba kusa ba. A shekara ta 2008 suka buga gwajin farko a kan majinyata masu dunƙulalliyar sankarar gindin fata: man bai cuci kowa ba, kuma waɗanda aka ƙara wa awon CP94 sun fi nuna bajewar ƙari. Majinyatan ƴan kaɗan ne, gwajin na lafiyar magani ne tun farko. Daga baya suka ɗaure ALA da CP94 a ƙwayar sinadari guda, domin su shiga tare, su rabu a ciki. Har yanzu mai damƙe ƙarfe bai shiga cikin aikin yau da kullum na asibitocin fata ba. Abin da likitoci suka fi yi domin ƙara zobe shi ne kankare ɓawon ciwon kafin shafawa, ko ɗumama wurin, ko share fage da man bitamin D na ƴan kwanaki, wanda aka gano yana ƙara saurin ma'aikatan tsakiya yana kuma rage na ƙarshe.

Akwai kuma wata fuskar da ta dagula lissafi. Ƙarfen da ke sake ba ɗan kallo ba ne. Tun shekara ta 1894 Henry Fenton na Kambirij ya nuna cewa ƙarfe idan ya gamu da wani irin ruwan oksijen yana haifar da abu mai ɓarna ƙwarai. Mutanen Bath sun gano cewa hasken rana na irin da ake kira UVA yana fasa rumbun feritin a cikin ƙwayar fata, ƙarfe ya watsu nan take, ya ƙara ɓarnar da hasken ya fara. A shekara ta 2012 masana a jami'ar Kolombiya ta Amurka suka ba wata irin mutuwar ƙwaya suna feroftoz, wadda ƙarfe ke hurawa ta hanyar ƙone kitsen bangonta. Ashe ƙarfe kafin a kunna fitila abokin gabar likita ne, yana rage masa zobba. Bayan an kunna kuma yana iya zama mataimakinsa wajen ƙarasa ƙwayar. Mai damƙe ƙarfen da ya taimaka da safe yana iya zama garkuwar ciwon da rana. Saboda haka tambayar da ke gaban masu bincike ta zama ta lokaci da awo: yaushe za a riƙe ƙarfen, yaushe za a sake shi.

Shaidar da jiki ya bayar da kansa

Akwai mutanen da aka haifa da raunin maƙerin ƙarshe. Wani likitan Landan, Ian Magnus, shi ya bayyana cutar a shekara ta 1961. Zobba marasa ƙarfe suna taruwa a jajayen ƙwayoyin jininsu, su bi jini zuwa jijiyoyin fata. Yaro mai wannan cuta idan ya fita rana na ƴan mintoci sai ya kama kuka, hannu da fuska suna ƙuna, sau da yawa kuma ba a ganin kome a fatar, har iyaye su zaci shagwaɓa ce. Abin da likita ke yi da gangan a kan tabo guda na awa uku, shi ne rayuwar waɗannan bayin Allah kullum.

Gubar dalma ma a wannan maƙera take ɓarna. Tana toshe anzim na biyu, tana kuma hana na ƙarshe dasa ƙarfe, sai jini ya ragu, wani ƙarfen dabam mai suna zinki ya zauna a gurbin. A shekara ta 2010 a jihar Zamfara ta Najeriya, maƙwabciyar Maraɗi, aka gano yara fiye da 400 sun mutu saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Zoben nan mai zinki yana cikin abin da likitoci ke aunawa a jini idan suna zargin dalma, haka nan idan suna zargin ƙarancin ƙarfe. Ilimin da ake nema domin man shafawa a Kornwal shi ne dai ilimin da ke bayyana abin da ya sami jinin yaran ƙauyukan haƙar zinariya.

Wanda abin ya shafa a nan

Baƙar fata tana da rigar kariya, launin melanin, shi ya sa tabon rana da sankarar gindin fata ba su da yawa a ƙasashen Sahel kamar yadda suke a Ostireliya ko Turai. Melanin ɗin kuma yana shan wani kaso na hasken fitilar likita, bayan magani wurin yana iya yin duhu na tsawon watanni. Baƙar sankara mai suna melanom, wadda a Afirka takan fito a tafin ƙafa, wannan hanya ba ta yi mata. Wuƙar likita ce maganinta, da wuri.

Waɗanda maganar ta shafa kai tsaye su ne zabiyoyi. Jikinsu ba ya ƙera melanin ko kuma kaɗan yake ƙerawa, ga rana ta Tawa da Damagaram. Tun suna samari tabo masu kaushi ke fito musu a goshi, kunne, wuya da bayan hannu, irin waɗanda Bature ba ya gani sai ya tsufa. Daga cikin waɗannan tabo ne wata sankara mai cin nama ke tsirowa, wadda ta fi kowace yawa a tsakanin zabiyoyin Afirka, tana kuma kashe da yawa tun ba su manyanta ba. Idan ta riga ta nutsa, sai fiɗa ko gashin radiyo, wanda cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai ta fara yi a shekara ta 2021. Amma matakin tabo, kafin nutsawa, shi ne daidai inda maganin haske ya fi ƙarfi, domin yana share fili mai faɗi a zama guda, ba ya barin tabon yanka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga watan Yuni ta kowace shekara, tun daga 2015, domin tunawa da halin da zabiyoyi ke ciki. Jawabin ranar yana da kyau, amma duba fatar yaro sau biyu a shekara ya fi shi amfani.

Fitilar tana da tsada, tana kuma son wutar lantarki. A shekara ta 2008 likitocin Kopanhagen na ƙasar Danmak, Stine Wiegell da Hans Christian Wulf, suka nuna cewa ga tabo marasa kauri hasken rana yana iya maye gurbinta. Ana shafa man kariya daga ƙunar rana, a shafa maganin, cikin rabin awa majinyaci ya fita ya zauna a waje awa biyu. Zafin ma ya fi sauƙi nesa da na fitila, domin zobban suna ƙonewa kaɗan-kaɗan yayin da ake ƙera su, ba su taru su fashe gaba ɗaya ba. Maƙeri ma bai sami sararin sa musu ƙarfe ba. An tsara hanyar ne ga ranar arewacin Turai. A ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, sai an nemi inuwa mai haske ko sanyin safiya, kuma zaunar da zabiya a waje awa biyu abu ne da sai likitan fata ya auna da kansa. Man shi ma ba araha gare shi ba, wani irinsa kuma sai an ajiye shi cikin sanyi.

Wani abu guda ya kamata ma'aikatan kiwon lafiya da malaman yaƙi da jahilci su tsare, kada labari ya juye a baki. Jin cewa ƙarancin ƙarfe yana ƙara wa wannan magani ƙarfi ba dalili ba ne na mace mai ciki ta ajiye jajayen ƙwayoyin da ake ba ta wajen awo, ko a hana yaro hanta da wake da zogale. Ƙarancin jini yana cikin manyan abubuwan da ke raunana mata da yara a wannan ƙasa. Masu bincike suna magana ne a kan ɗan guzurin ƙarfe na cikin ƙwayoyin wani tabo mai faɗin tsabar kuɗi, na tsawon awa uku, da man da likita ya shafa ya kuma goge da hannunsa. Mai ƙarancin jini ma iskar da jininsa ke kai wa fata tana raguwa, ita kuwa iskar nan ita ce ta uku a cikin abubuwan da von Tappeiner ya ce sai da su rini da haske ke kisa.